Fayil Ɗina Yana Hannunsu

Shafi na 17

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina ci gaban?", na gan ku. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, ta kwana biyu a cikin buhun shinkafa. Shi kuma wanda ya rubuta cewa ƙarya nake, babu kamfanin da zai yi wa mutum haka, ya karanta na yau tukuna.

Laraba ce. Saura kwana biyu.

Ejan ɗin da zai kai ni aikin kifi a Japan ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ya kira tsohon wurin aikina, kamfanin gwangwanin kifi na Tres Olas, sun ce masa shekarata ta ƙarshe duk sakamakon aikina a ƙasa yake. Ya ba ni zuwa Juma'a da tsakar rana in kawo masa takardun auna aikin ya gani da idonsa. In ban kawo ba, a goge sunana a sa na mai bi mini. Wata shida na yi ina karya harshe da yarensu, ni da ko aji biyu na sakandare ban gama ba.

Sau uku ina zuwa neman fayil ɗina. Na farko aka ce Mam, shugabar ofishin kula da ma'aikata, tana taro. Na biyu aka ce mai makullin ɗakin ajiya bai zo ba. Na uku mai gadi ya hana ni shiga, wai silifa ce a ƙafata.

Yau na ari takalmin surukina. Ya matse ni kamar zai cire mini ɗan yatsa.

Kuma yau ban zo ni kaɗai ba. Manang Cion, maƙwabciyarmu, ita ta ce za ta raka ni (Manang, haka muke kiran babbar mace a garinmu). Shekara ashirin da biyu ta yi tana cire ƙayar kifi a Tres Olas kafin ta ajiye aiki, yatsunta duk sun lanƙwashe. Ta zo da lemarta da wata jakar leda ta takardu a hammata.

Da safe matata Senda, wadda har yanzu take aiki a layi na huɗu, ta ce mini, "In an busa jiniyar cin abinci zan leƙo sama in ji yadda kuka yi. Kuma don Allah, Nulfo, ka riƙe bakinka."

"Yaushe na taɓa sakinsa?"

Ta ɗauki takalmin robarta ta fita.

A bakin ƙofa mai gadi ya kalli fuskata, ya kalli ƙafata.

"Dong, kai ne kuma?" Dong, haka ake kiran samari a nan.

Na ɗaga masa ƙafa ɗaya. "Ga takalmi."

"Ita fa? Ba ta da katin shiga."

Manang Cion ta nuna shi da tsinin lema. "Baldo, ranar da aka ɗauke ka aiki ni na ba ka rabin shinkafata, don ka manta da taka a cikin mota kana ta kuka. Buɗe mini ƙofa."

"Ban yi kuka ba, Manang."

"Buɗe."

Ya buɗe.

Ofishin kula da ma'aikata yana hawa na biyu, wuri ɗaya tak a duk kamfanin da ƙarnin kifi ba ya kaiwa. Sanyin na'ura ya bugi fuskata. Mam Villaruel tana bayan teburinta, tabarau a kan hanci, tana bare lemo da farcenta mai jan fenti. Ba ta ce mu zauna ba. Manang Cion ta ja kujera ta zauna.

"Tabanao," in ji Mam. Sunan gidanmu kawai take kira, kamar a kotu. "Na ɗauka an riga an ba ka amsa."

"Ba a ba ni ba, Mam. Fayil ɗina nake son gani."

"Fayil ɗinka?" Ta jefa ɓawon lemo a kwando. "Kai ka sayi takardar? Kai ka sayi tawadar? Fayil kayan kamfani ne. Ka ajiye aiki da hannunka tun Nuwamba. Ba ka da komai a nan."

"Sunana ne a jiki."

"Sunanka yana jikin katin asibiti ma. Je ka ce su ba ka gadon."

Jinina ya fara tafasa. Manang Cion ta taka mini ƙafa, daidai inda takalmin yake ci na.

"Mam," ta ce a hankali, "takardar taku ce, ba mu musa ba. Amma abin da aka rubuta a kanta game da shi ne. Doka ta ba mutum dama ya ga bayanan da aka ajiye a kansa, ko yana aiki ko ya bari. Ke ma kin sani, an kai ku otal an karantar da ku, har da abincin rana."

"Manang, da girmanki. Yaushe kika zama lauya?"

"Tun ranar da na daina jin tsoronku."

Mam ta goge yatsunta da tishu ɗaya bayan ɗaya. "To ko da haka ne, akwai ƙa'ida. Sai an rubuto a takarda. Ni ban ga wata takarda ba."

"Na kawo!" na ce. "Kwana goma sha biyu ke nan!"

"Ban gani ba. Ka sake rubutowa, mu duba cikin kwana talatin."

Kwana talatin. Ta san zancen Juma'a sarai, ita da kanta ta amsa wayar ejan.

Manang Cion ta buɗe jakar ledarta ba gaggawa. Ranar da zan kawo wasiƙar, ita ce ta tsare ni a ƙofar gida ta ce in yi kwafi biyu, kar in bar ofishin sai an buga mini hatimin "an karɓa" a kan ta biyun. Na yi ta mita a lokacin, don sai da na tsaya awa ɗaya kafin akawun ta ga dama. Yanzu ga ta nan ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta danne da yatsa.

"Hatimin wane ofishi ne wannan? Karanta mini, idona ya yi rauni."

Mam ta kalli hatimin ta saman tabarau.

"Ga kwanan wata, ga sa hannun yarinyarki. Daga nan ofishin ƙwadago tafiyar minti ashirin ce a babur mai ƙafa uku. Ni ba ni da aikin yi, Mam. Jikokina duk suna makaranta. Zan iya wuni a can."



Can Mam ta ja aljihun tebur, ta fito da fayil ruwan ƙasa, ta jefa shi gabana. Ashe babu wani ɗakin ajiya, babu wani mai makulli. Yana nan kusa da gwiwarta tun ranar farko.

"Minti goma. Ba hoto, ba kwafi. Wayoyinku a kan faranti."

Muka ajiye.

Na buɗe. Hotona na farko, ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, gashi cike da mai, wuya kamar na zakara. Takardar haihuwa. Takardar 'yan sanda. Ta likita. Ta makaranta, inda wani ya zagaye "bai kammala ba" da jan biro har sau biyu.

Sai takardun auna aiki.

Shekarar farko: da kyau. Ta biyu: da kyau ƙwarai. Tsohon shugaban layinmu ya rubuta, "Hannunsa da sauri, amma ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya." Na tuna ranar, mun yi dariya tare, na sa hannu da shuɗin biro.

Na juya zuwa shekarar ƙarshe.

Maris. Duk akwatunan mafi ƙarancin maki aka cike. "Ba ya bin umarni."

Yuli. "Yana barin layi ba izini. Yana zuga abokan aiki."

Nuwamba. "Mai tayar da fitina. Ba a ba da shawarar sake ɗaukarsa ba."

A ƙasan kowacce akwai layin nan da aka buga: na karanta, an tattauna da ni, na yarda. A ƙarƙashinsa kuma sa hannuna.

"Ban taɓa ganin waɗannan ba," na ce.

"Kowa haka yake cewa."

"A duk shekarar ba wanda ya kira ni ya zauna da ni! Ko sau ɗaya!"

"Sa hannunka ne ko ba naka ba ne?"

Na so in ce ba nawa ba ne. Amma nawa ne. Ni kaɗai nake ja wa harafin farko jela kamar ƙugiyar kamun kifi, tun ina firamare ake dukana a kanta. Ba kwaikwayo ba ne. Hannuna ne ya yi shi.

Manang Cion ta juyo ta kalle ni. "Dong, gaya mini gaskiya. Ka sa hannu?"

"Manang, na rantse…"

"Saura minti shida," in ji Mam, ta ɗauki wani lemon.

Na ƙura wa takardun ido har suka fara rawa. Japan tana tafiya a gabana, ina ji ina gani. Na tuna Senda tana tambayata kalmomin yaren a kan tabarma, tana dariyar yadda nake faɗinsu.

Sai idona ya tsaya a kan tawadar.

Koriya ce. Duk ukun.

Ni ban taɓa mallakar koren biro ba. A ofishin nan ma ba a yarda da shi ba, baƙi ko shuɗi kawai. Rubutun da ke sama duk da baƙi aka yi shi. Sa hannuna kaɗai ne kore.

Na shafa takardar Maris. Akwai layin ninki a kwance, ɗan sama da wurin sa hannu. Ta Yuli ma haka. Ta Nuwamba ma haka, a wuri ɗaya.

A gefen dama kuma, can ƙasa, wani tabo ruwan ɗorawa mai ja-ja, wanda maiƙo ya sa takardar ta yi shara-shara.



"Bikin Kirsimeti," na ce.

"Me?"

"Manang, bikin Kirsimeti na kafin Maris ɗin nan! A filin lodin kaya!"

Duk wanda ya yi aiki a kamfani a garin nan ya san ranar. Kiɗa, gasar rawa tsakanin layuka, ƙuri'ar tukunyar dafa shinkafa da fanka, sannan kowa ya bi layi ya karɓi kwandonsa: taliya, gwangwanin 'ya'yan itace, madara, cuku mai jan ɓawo. Ba a ba ka kwando sai ka sa hannu. A shekarar, sabon shugaban layinmu ne ya zauna a teburin rabo, da koren biro mai jan ƙyalle ɗaure da zare. A gaban kowa sai ya ajiye takardu uku a ninke, gindinsu kawai ake gani.

"Ɗaya ta kwando, ɗaya ta ƙuri'a, ɗaya ta riga. Yi sauri, mutane na jira."

Wa zai tsaya buɗe takarda, ana kiɗa, mutum arba'in na tura shi ta baya?

"A zamaninmu takarda ɗaya ce doguwa, kowa da layinsa," in ji Manang Cion a hankali. Fuskarta ta canza.

"Farantin taliya ne a hannuna na hagu. Wani ya ture ni, miyar ta ɗiga a kan takardun. Har ya zage ni, na goge da babban yatsa."

Ban jira izinin kowa ba. Na zare takardun uku daga fayil ɗin.

"Kai! Mayar da su!"

Na jera su a kan juna, gefe da gefe, na ɗaga su saitin taga. Rana ta ratsa su.

Tabon ya hau kan juna daidai, ko kaucewa babu. Babba a ta Maris. Matsakaici a ta Yuli. A ta Nuwamba ɗan dishi-dishi, inda maiƙon ya ƙare.

Manang Cion ta tashi ta matso da fuskarta. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Sus! Dong, wace irin taliya ce wannan? Ka fara ci a Maris, ba ka gama ba sai Nuwamba?"

Ta juya ga Mam. "Zo ki gani. Ke da kike da tabarau."

Mam ba ta tashi ba. Ta ajiye lemon. Ta ɗauki wayar tebur ta danna lamba biyu.

"A turo mini Sumagang. Yanzu."

Waɗanda suka bi labarin nan tun farko sun san wane ne Teroy Sumagang. Ga sababbi: shi ne shugaban layin, mai koren biro. Shi ya kawo ni Tres Olas lokacin yana mataimaki. Kuma shi ne ninong ɗina, shi ya tsaya mana a coci a matsayin uba ranar aurena da Senda. Hotonsa yana bangon ɗakinmu har yau.

Ya shigo da farar rigar aiki, hular raga a kai, yana share hannu. Da ya gan ni sai ya miƙo mini bayan hannunsa na dama, kamar yadda ya saba, yana jiran in kama in kai goshina.

Na bar hannun a iska.

"A'a," ya ce. "Japan ɗin da ba a je ba har ta cinye gaisuwa?"

"Ninong, mene ne wannan?"

Ya kalli takardun da ke hannuna. Ya kalli Mam. Ko gezau bai yi ba.

"Sakamakon aikinka ne. Ka iya karatu ai, ko aji biyun bai kai nan ba?"

"Takardun kwando ne!"

"Kwando ka karɓa ko ba ka karɓa ba? Cukun ka ci ko ba ka ci ba?"

"Ka sa mu sa hannu a farar takarda!"

"Na riƙe maka hannu? Babba da kai, mai mata, kana sa hannu a abin da ba ka buɗe ba, sannan ka zo kana yi wa mutane ihu."

Manang Cion ta buga lemarta a ƙasa. "Teroy, ji tsoron Allah. Yaron nan a gabanka ya durƙusa a coci."

"Shi ya kamata ya tuna da haka, Manang, ba ni ba!" Yanzu muryarsa ta tashi. Ya nuna ni da yatsa. "Na tsince shi yana dakon ƙanƙara a bakin tashar jiragen kifi, ba takarda, ba kowa. Na je na roƙa aka ɗauke shi. Na sa rigar biki na tsaya masa. Da me ya saka mini? Sufeto ya zo daga ofishin ƙwadago, mutum sittin a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya!"

"Tambaya ya yi! Ya ce ina ƙofar gudu in wani abu ya faru a ɗakin tururi!"

"Sai ka ce ba ka sani ba!"

"Kwaɗo ne a jikinta, Ninong! Kai ka sa shi, don kar a fita shan taba! In tukunya ta fashe ta ina za mu bi? Senda tana aiki taku goma daga wurin!"

"Sati biyu aka dakatar da ni. A gaban yaran da nake ba umarni. Matata ta kasa zuwa kasuwa don kunya." Ya matso har ina jin ƙarnin kifi a rigarsa. "Butulu. Da ka zo ka same ni a gida, da na cire kwaɗon."

"Sau biyu na gaya maka."

"Ba a gaban baƙo ba!"

"Kuma ka ce in na rubuta takardar ajiye aiki da kaina, fayil ɗina zai fita fes. A kan teburin cin abincinka ka faɗa mini. Na yarda da kai."

"To ka ga inda yarda take kai mutum."

Ban san lokacin da na yi kansa ba. Ƙugiyar lemar Manang Cion ce ta kama ni a gwiwar hannu.

"Taɓa shi ka gani," ta ce ta cikin haƙora. "Abin da suke jira ke nan. Takarda ta huɗu, ta gaskiya."

Na tsaya ina huci.

"Ya isa," in ji Mam Villaruel. Ta tashi da kanta ta tura ƙofa, amma ba ta kama ba, ta bar 'yar kafa. Da ta dawo, muryarta ta yi laushi kamar ba ita ba. "Zauna, Arnulfo."

Yau ce rana ta farko da ta kira sunana.

"Ni ban san yadda aka samo sa hannun nan ba. Abin da aka kawo mini shi nake sawa a fayil. Amma ba na son hayaniya, kai ma ba ka da lokacinta. Juma'a ko?"

Na gyaɗa kai.

"Ofishin ƙwadago za su ba ka ranar zama bayan sati biyu, wataƙila uku. Kafin nan wani yana cikin jirgi a kujerarka." Ta juya ga kwamfutarta, ta yi ɗan rubutu, na'ura ta turo takarda. "Ga abin da za mu yi. Yau ɗin nan in ba ka takardar shaida mai kyau, da kwafin sakamakon shekara biyun farko. In kira ejan ɗinka a gabanka in ce kuskure aka yi, fayil ɗin wani aka duba. Waɗannan ukun kuma su koma hannuna, ba mai sake ganinsu."

"Shi kuma fa?" in ji Manang Cion.

"Shi kuma ya sa hannu a nan."

Ta turo takardar. Wannan karon na karanta, kalma bayan kalma, da yatsa. Cewa na ga fayil ɗina. Cewa ban sami wani abin ƙorafi a ciki ba. Cewa ba zan kai ƙarar kamfani ko wani ma'aikacinsa ko'ina ba, kuma ba zan yi zancen da kowa ba.

"Mutum arba'in da shida ne suka bi layin kwandon nan, Dong," in ji Manang Cion.

"Mutum arba'in da shida ba su da jirgi ranar Juma'a," in ji Mam.

Ninong Teroy ya jingina da bango ya harɗe hannu. Ya yi wani murmushi.

"Ka yi tunani da kyau, ɗana. Senda ma ta karɓi kwando. Bara ma ta sake karɓa." Ya ɗaga yatsu uku, ya ƙara uku. "Takardunta duk farare ne har yanzu. Yarinya mai hankali, ba ta ɗaga hannu a gaban baƙi. Ina so su zauna farare."



Aikin Senda ne yake riƙe da gidanmu tun Nuwamba. Ita take fita da asuba ta tsaya awa goma a kan ƙafarta don ni in zauna a aji ina koyon gaisuwar mutanen Japan.

Mam ta laluba kan teburinta ba ta ga biro ba. Ninong ya sa hannu a aljihun farar rigarsa ya zaro nasa, ya ajiye a kan takardar.

Kore ne. Jan ƙyallen ma yana nan, ya yi dauɗa.

Manang Cion ta zare takardun uku daga hannuna ta rungume su a ƙirji. Ta kawar da kai.

Na ɗauki biron.

A waje aka busa na cin abinci. Na ji injuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na ji takun takalman roba a tsakar fili.

Na kai bakin biron kan layi. In na ja ƙugiyar nan sau ɗaya, shi ke nan, jibi ina da suna a jerin masu tafiya.

"Nulfo."

Ƙofar a buɗe take. Senda ce, da farar riga da hular raga, hannunta jiƙe, kwanon abincinta a hammata. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ashe da aka kira Ninong sama, ba ta jira busa ba, ta biyo bayansa. A bayanta mata biyu na layi na huɗu, a bayan su kuma wasu kawunan a kan matakala.

"Day, koma ƙasa," in ji Ninong, da kiran da ake yi wa 'yan mata. "Ba ruwanki a nan."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tako har gaban tebur, takalminta yana barin sawun ruwa a kan tayil ɗin Mam.

"Mam, ni ban ajiye aiki ba. Yanzu na fito daga layi. Ina son ganin fayil ɗina."

"Sai an rubuto a takarda…"

"A ba ni takarda. Biyu. Ki buga mini hatimi a ta biyun."

"Ni ma," in ji wata daga bakin ƙofa.

"Ni ma. Da nawa da na ƙanwata."

Senda ta juyo gare ni. Idonta ya yi ja, amma ba hawaye.

"Da sunana za ka sa hannun? Ka tambaye ni?"

"Senda, Juma'a…"

"Na san Juma'a. Ni na yi wata shida ina jiranta, fiye da kai."

Na kalli takardar. Na kalli biron. Na danna shi da ƙarfi har ya kusa huda ta, na rubuta da manyan baƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan, a kan duk abin da ta buga:

BAN YARDA BA.

Na sa kwanan wata. Na ja ƙugiyata a ƙasa. Na tura wa Mam, na jefa wa Ninong bironsa, ya bugi ƙirjinsa ya faɗi ƙasa.

Mam Villaruel ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta cire tabarau, ta ninke shi, ta jawo wayar tebur gabanta. Ta buɗe wani ɗan littafi ta bi da farce.

"Wannan ce lambar ejan ɗinka, ko?"

Ta danna. Ta sa a lasifika don kowa ya ji.

Ƙara ɗaya. Biyu. Uku.

"Alo?" Muryarsa ce.

"Villaruel ce daga Tres Olas. Game da Arnulfo Tabanao ne."

"Yauwa, Mam. Jerin sunayen yana gabana yanzu haka. In bar shi ko in cire?"

Mam ta kalli Ninong Teroy, wanda zufa ta keto masa duk da sanyin ɗakin. Ta kalli matan da suka cika ƙofa har matakala. Ta kalli Manang Cion, wadda ta koma jikin taga ta ɗaga takardun nan uku sama, rana tana ratsa jan tabon, kowa yana gani.

"Mam? Kina ji na?"

Ta matso da bakinta kusa da wayar.